Ƙuli-ƙulin Inna

A gidanmu na Kwaya, surukata Inna ke soya ƙuli-ƙuli tun kafin a haifi mijina. Ranar farko da 'yata Hinda ta tauna ɗanyar gyaɗa, leɓenta ya kumbura, sai muka ce ɗanyar ce ba ta karɓe ta ba. Inna ta ce wuta tana kashe kowane dafi, ni ma haka na sani. Da hannuna na ba Hinda soyayyen ƙuli-ƙuli ranar Talata da hantsi.

Kafin in ɗauraye hannu, idanunta sun rufe, numfashinta yana fito kamar usur. Na goya ta, wani maƙwabci ya ɗauke mu a moto, Inna a bayana ba takalmi.

A likita muka tarar da majo Zeinabou, wadda ke shugabantar wurin. Ba ta tsaya tambaya ba, allura ta fara yi. Sai da ƙirjin yarinyar ya lafa ta juyo gare mu.

"Me ta ci?"

"Ƙuli-ƙuli," in ji Inna. "Amma fa soyayye ne, 'yata. Ni na soya, har sau biyu."

"Ko sau goma ne, Inna. Ba mu da abin gwaji a nan, amma ga abin da nake zato. A cikin gyaɗa akwai wani ɗan sinadari, aikinsa ɗaukar maiƙo daga wannan wuri ya kai wancan a jikin shukar. Jikin Hinda ne ya ɗauke shi abokin gaba. Kuma shi wuta ba ta karya shi."

"Ɗan dako ke nan," Inna ta ce. "Ɗan dakon da bai jin wuta."

Majo ta yi dariya. "Shi. Kada ya sake shiga bakinta, ko ɗan ɓarɓashi."

A hanyar dawowa hankalina bai kwanta ba. Gidanmu zan iya tsarewa. Amma a Kwaya yaro ba ya shiga gida ya fito hannu wofi, kuma abin da ake danƙa masa ƙuli-ƙuli ne. Ni baƙuwa ce, shekarata uku a garin. Wa zan hana alheri?

Ban faɗa wa kowa ba. Washegari na ga ana ɗora turmin Inna da kaskonta a amalanke, za a kai gidan ƙanwarta can bakin gari. Inna ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta miƙo zani.

"Uwar Hinda, ɗora mini ƙawata."

Na bi su a baya. Gida gida take sallama, ta juya baya ta nuna yarinyar.

"Ku dubi fuskar nan da kyau. Dabino, rake, ku ba ta. Wadda ta ba ta gyaɗa, ni da ita."

"Ke da kika ƙosar da garin nan da ƙuli?" wata tsohuwa ta ce.

"Ni ɗin. Dube ta dai."

Gida talatin da ɗaya muka shiga kafin azahar. Na so in yi mata godiya, ta ce in riƙe mata takalmi, saura unguwar mahauta.