Masu Tsaya wa Alhaji Sun Yi Yawa

A ma'aikatarsu an san Malam Sale da magana ɗaya: doka ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba. Shekara ashirin yana faɗin haka, don bai taɓa shiga kotu ba.

Ranar Alhamis ya shiga. Thaddeus, mai kula masa da gonar doya a Yangoji, aka kama da zargin satar injin ban-ruwa. Kafin a kira shi, aka kira wani ɗan kwangila, Alhaji Zaid, da ake zargi da cinye kuɗin titi sukutum. Alƙali ya ba Alhaji beli: mutum biyu su tsaya masa, ma'aikatan gwamnati, mataki na goma sha huɗu zuwa sama, kowa da takardar fili a Abuja. Da aka zo kan Thaddeus, ya maimaita sharaɗin nan, ko wasali bai canza ba.

Sale har da gyaɗa kai. Ga adalci ƙiri-ƙiri. Shi bara ya lallaɓa ya kai matakin, yana kuma da ɗan fili a Tungan Maje da akuyoyi ke kiwo a ciki. Saura mutum ɗaya, in ba haka ba yau Thaddeus zai kwana gidan yarin Kuje.

A baranda ya tarar da daraktoci shida sun zo tsaya wa Alhaji, kowa da fayil da hoton fasfo. Lauya ya zaɓi biyu. Huɗu suka yi cirko-cirko, ransu a ɓace. Cikinsu akwai Mista Edward na ma'aikatarsu. Sale ya nufe shi.

"Oga, tunda takardunka na hannu, ka taimaka ka sa wa mutumina hannu mana."

"Wane ne shi?"

"Manomi ne. Matarsa na da tsohon ciki."

"In ya gudu fa?"

"Ina za shi? Bai taɓa wuce Zuba ba. Naku ne ma mai gida a Dubai."

Edward ya yi dariya. "Sale, kai yaro ne? In Alhaji ya gudu, wa zai tambaye ni? In wannan ya gudu, kafin sati an manna takarda a ƙofar gidana."

Sauran ukun ma ya gwada. Ɗaya ya ce azumi yake, kamar sa hannu na karya azumi.

Ƙarfe biyu gandirobobi suka fito da Thaddeus, suka sa shi a mota. Ta tagar motar ya leƙo. "Oga, ka gaya ma matata Naomi ta cire doya na gefen rafi, kar ya ruɓe."

Ranar Litinin 'yan ofis suka tare Sale. "To, Malam, ka gano kotun. Yaya?"

Ya ajiye fayil ɗinsa, da hoton fasfo biyu da bai yi amfani da su ba.

"Sharaɗi ɗaya aka ba su," ya ce. "Wallahi ina wurin."

Sannan ya hau bene yana bin ofisoshin daraktoci ɗaya bayan ɗaya.