Ranar da Na Gwada Matakalar Kifi

Ni injiniyan ruwa ne, kuma babu aikin da nake tinƙaho da shi kamar matakalar kifin da muka gina a gefen madatsar ruwa. Kifayen kogin kan haura sama da damina don su zuba ƙwai, amma tun da aka datse kogin suka rasa hanya. Sai muka jera musu ƙananan kwatamai na siminti, kowanne ya ɗan fi na ƙasansa tudu, ruwa na gangarowa a tsakani, yadda kifi zai yi tsalle, ya huta, ya ƙara gaba.

Surukina bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba.

"Wato duk karatun nan naka, bene ka gina wa kifi?" in ji shi.

"Baba, sai ka gani da idonka," na ce.

Na ɗauke shi a mota, ina ta zuba bayani har muka isa. Muka tsaya a bakin ƙarfen kariya muna leƙe. Shiru. Ko ƙwaɗo bai gifta ba. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ko yau ba sa aiki ne?"

Can na hango wani reshe da tarin ledoji sun toshe mashigar ruwan daga sama. Maimakon in kira ma'aikata, sai na ga dama ta samu da zan nuna bajinta. Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na taka siminti. Ashe gansakuka ta lulluɓe shi. Ina fizgo reshen, santsi ya kwashe ni, ruwan da ya taru ya biyo bayana. Haka na riƙa gangarowa daga kwatami zuwa kwatami, rungume da reshe, kowane mataki da na zana da hannuna sai da ya gaisa da ƙuguna.

Da na tsaya a ƙasa ina tari, Baba ya leƙo. Sai da ya tabbatar ban karye ba, sannan ya ce, "To, ɗana, saukowa dai tana aiki. Saura hawa."

Kafin in warke, labarin ya zaga dangi kaf.

Bayan an yi wani ruwan sama mai ƙarfi na koma da safe, ina ɗingishi. Sai ga kifayen. Baƙaƙen bayansu cike da kwatamin farko, wani ya yi tsalle ya faɗo, ya sake, ya haye. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Na kira matata a waya.

"Sun hau! Wallahi suna hawa, da yawansu!"

"Kai, alhamdu lillahi, Baban yara," ta ce. "To ka taho mana da manya-manyan."

Na yi mata bayanin cewa an hana kamun kifi a wurin, kuma ni ne ma na sa aka kafa allon gargaɗin.

"Shi ke nan," ta ce. " Ka biya ta kasuwa."