Kanwa a Gurbin Ƙaguwa

Shekarar da fari ya busar da gero a tsaye, saniya ɗaya tak ta rage mana a Fagam. Yunwa ta ƙafar mini da nono, da madarar saniyar nan nake rayar da Zahara'u, 'yata ta goye.

Kogi ya koma yashi, sai wani gurbi a gindin dutse inda saniyar ke shan ruwa. Cike yake da 'ya'yan ƙaguwa, ƙanana kamar farcen yatsa.

Buba, maigidana, Allah ya yi shi da taurin kai. Ubansa ya ba shanu kanwa, kakansa ya bayar, to shi ma sai ya bayar ko sama da ƙasa za su haɗe. Da ya ga haƙarƙarin saniya a waje, sai ya samo kanwa ƙwarya guda ya juye a gurbin.

Na ce, "Haba Malam! A ruwan da bai kai gwiwa ba?"

Ya ce, "Ke Hadijatu, kanwa magani ce. Yaushe kika fara kiwo?"

Rana ta yi ta dafa ruwan, kullum yana ja da baya, yana ƙara ɗaci. Ƙaguwoyin nan da na sani a lafe ƙarƙashin dutse suka haukace. Sai zirga-zirga, su cinye gansakuka, su koma cin junansu, amma ko ƙiba babu. Wata rana da azahar na tarar sun fito kan yashi mai ƙuna, kumfa a baki, suna mutuwa. Abin da zai kori ƙaguwa daga ruwa zuwa rana ai ya fi ranar zafi.

Na roƙe shi, har da hawaye, ya kora saniyar zuwa rijiya a Gwaram.

Ya ce, "Ba ta da ƙafar tafiyar. Kuma yanzu ƙaguwa ce za ta koya mini kiwo?"

Saniya ta sha, ƙishirwa ta ƙaru, ta koma ta sha. Zawo ya kama ta. Da hantsin Juma'a ta durƙushe a bakin gurbin, cikin ɓawon matattun ƙaguwoyi, da ƙyar Buba ya samu ya sa mata wuƙa. Wallahi har yau ban daina jin haushinsa ba.

A ranar, gidanmu ya cika da nama, maƙwabta suna ta shigowa da kwanoni, suna yi mana jaje suna haɗiyar yawu. Ni ina zaune a ƙofar ɗaki da Zahara'u a cinya, tana tsotsar yatsana. Ko haƙori ɗaya ba ta da shi.