Gammon Munkaila

An sauke gammon Munkaila daga bango yana da ransa. Abin da ya ɓaci ke nan, kuma ba a ga girman ɓarnar ba sai da motoci suka shigo Kumasi.

A zauren 'yan dakon goro na Zango akwai bango guda da aka jera wa marataya. Ranar da mutum ya shiga dako, akan karɓi gammon da ya fara aza kaya a kai a rataye. A gindin bangon akwai kwando. Duk huhun goron da ka ɗauko daga ƙauyukan Asante, mai kaya zai damƙa maka ɗan goro bayan ladanka, kai kuma ka jefa rabon kwando kafin ka wanke ƙafa. Baba Awalu, tsohon da ya kafa abin, shi ke sayar da goron ya sayi masara da doya ya kulle a ɗakin baya. Wanda ya zuba kaka bakwai, in aiki ya yanke masa, yana da mudu da doya duk Juma'a har ya sami abin yi. Wanda ya mutu, kwando ya yi masa likkafani da sadaka, a jefa gammonsa a rafin Subin, a rufe rabonsa. Dokar ke nan. Bango ne shaida.

Munkaila ya zuba kaka biyar. Sai yaƙin Jamus ya zo, aka kwashe 'yan dako a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa can gabas. Wani da ya riga shi dawowa ya rantse ya bar shi kwance a bakin hanya da zazzaɓi, ido ya kafe. Iddi, sarkin 'yan dako, bai nemi shaida na biyu ba. Ya miƙa hannu ya sauke gammo, ya aika wa Habsa, matar Munkaila, farin alawayyo na likkafani ko da yake babu gawa, aka dafa sadaka aka cinye. Habsa ta yi takaba ta fita. Bayan yaƙi ya ƙare sai ga mamaci ya sauko daga jirgin ƙasa, ƙashi da fata, ya zo har inda take sayar da koko a ƙofar zauren, ya tambaya ko akwai saura.

Ya murmure ya koma dako. Ya zuba kaka huɗu, ba fashi. Sau ɗaya ya tambayi Iddi maganar gammo, Iddi ya ce za a zauna. Ba a zauna ba. Munkaila ba mutumin magana ba ne, wuyansa ya fi bakinsa aiki, sai ya bar zancen.

Da aka gyara hanyar arewa, mota ɗaya ta riƙa kwashe abin da ƙarti talatin ke ɗauka, ba ta cin tuwo, ba ta ciwon baya. Maigidan da Munkaila ke yi wa dako ya kira shi ya sallame shi da godiya mai yawa, irin godiyar da ba a cika ciki da ita. Ranar Juma'a Munkaila ya ɗauki buhu ya shiga layin ɗakin baya.

Iddi na tsaye da farin rawaninsa mai amawali, wanda ba ya fita sai da shi tun ranar da aka ba shi sarauta. Ya dubi buhun, ya dubi bango.

"Nuna mini gammonka, Munkaila."

"Sarki, kai ka sauke shi."

"Saboda ka mutu."

"To ga ni."

"Na gan ka. Amma kwando ya riga ya binne ka. Ya yi maka likkafani, ya yi maka sadaka. Biyar ɗin nan sun bi ka kabari. Huɗu gare ka, doka kuwa bakwai ta ce." Ya sassauta murya. "Dubi layin nan. Bakuna na ƙaruwa, kwando na ramewa. In na buɗe wa mai huɗu, gobe mai uku zai zo da buhu."

Munkaila ya tsaya har aka auna wa kowa, sannan ya naɗe buhunsa ya tafi. Abin da ya rage masa ya sani. Akwai ramin zinariya a kudu da ke ɗaukar kowa, kuma ƙanensa ya shiga ramin nan da ƙafarsa, aka dawo da shi yana tarin jini.

Ya tarar da Habsa tana wanke tukunyar koko. Ya faɗa mata yadda aka yi, ya ce Litinin zai bi jirgin kudu.

Ba ta ɗaga kai ba. "Na yi maka takaba sau ɗaya, maigida. Ba zan yi ta biyu a kan mudun masara ba."

"Kokonki ba zai riƙe mu da yara uku ba. Masu shan ma ba su da aiki."

"Ka ce wa Baba Awalu kana son a zauna. Ni zan zo."

"Mace a zauren?"

"Kullum a ƙofar nake. Ƙofar ta ishe ni."

Munkaila ya ɗaga tafiyar, aka zauna bayan sallar Juma'ar da ta biyo. Zaure ya cika har da waɗanda ba ruwansu. Baba Awalu na kan buzu, mabuɗin ɗakin baya a wuyansa. Iddi ya maimaita maganarsa daki-daki, kuma gaskiya ba wanda ya iya cewa ya ƙara wa doka ko ya rage. Munkaila ya ce shi dai ya zuba tara. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Sai aka yi sallama daga ƙofa. Habsa ta durƙusa a dokin ƙofa, ta gaida Baba Awalu, ta turo wani ƙunshi cikin zaure.

"Baba, an ce kwando ya biya mijina. Ga abin da ya biya."

Aka kwance. Alawayyo ne fari, yana warin ajiya, ko wanki bai taɓa gani ba.

"Ba a sa kowa a ciki ba," in ji ta. "Mai shi ya ƙi shiga. Ku karɓi kayanku."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Iddi bai yi ba. "Sadakar fa? Ita ma za ki mayar?"

"Sarki, wa ya ci ta? Ina ɗaki a kulle ina takaba, ko ƙanshin miyar ban ji ba. Shi kuwa yana can gabas yana cin ganye."

Seini, wani ƙaton Bazabarme da Hausa ba ta gama zama a bakinsa ba, ya ɗaga hannu daga baya. "Habsa ya faɗi gaskiya. Ni na ci. Malmala uku. Sarki yana kusa da ni, shi ya ɗauki kan rago."

Zaure ya barke. Wani ya ce ashe Seini ya ci sadakar rayayye, shi ya sa har yau bai ƙoshi ba. Baba Awalu ya bari suka gama, sannan ya ce abin da 'yan kwando suka ci, cikin kwando ya koma, ba a ɗora wa wanda bai ci ba. Saura likkafani. In ya dawo yadda ya fita, to kwando bai biya ba.

"In ya dawo yadda ya fita," in ji Iddi. Ya tashi ya kama bakin yadin, ya shiga aunawa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu bayan kamu, kowa na bin hannunsa da ido. Shi ya sayo shi, ya san tsawonsa. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗaga gefen sama kowa ya gani. An yanka da wuƙa, zare na lilo.

"Kamu biyu babu. An ci daga ciki. Wanda ya taɓa rabonsa ya karɓa."

Munkaila ya juya ya dubi matarsa, don shi ma bai san da wannan ba.

Habsa ta ce, "Ni na yanka. Maigida, ba su abin da ke kafaɗarka."

Gammonsa na aiki ne, yana rataye da shi saboda sabo ko da yake babu kaya. Ya miƙa. Baba Awalu ya warware shi a hankali. Tsumma ne baƙi ƙirin, ya sha gumi da ruwan ganyen goro har ya yi tauri kamar fata. Amma da aka buɗe can cikin naɗin, inda gumi bai kai ba, sai ga fari. Tsohon ya haɗa bakinsa da bakin likkafanin. Yankan wuƙar ya zauna daidai.

"Ya dawo ba shi da ko ɗan kamfai na kirki," in ji Habsa. "Nasa gammon kun ba rafi. Da me zai aza kaya? Na yanki naku na naɗa masa. Kaka huɗu yadin nan yana ɗauko goro yana zuba muku. Ban ga ranar da aka ce a mayar masa da goronsa don ya mutu ba. Wanda ya ci ladan kuturu, Baba, ai ya san sauran." Ta gyara mayafinta. "Takabar da na yi kuma ban kawo ta ba. Na san ba ku da inda za ku auna ta."

Babu wanda ya yi dariya a nan.

Baba Awalu ya daɗe yana juya tsumman a hannu. Sannan ya naɗe shi yadda yake, ya dafa bango ya miƙe, ya rataye shi da kansa a kan maratayin da ya yi shekara da shekaru babu komai.

"Biyar da huɗu," ya ce. "Ko ni da ban shiga makaranta ba na san sun wuce bakwai. A buɗe ɗaki."

Seini ne ya fara buga ƙafa, sauran suka ɗauka, irin waƙar da suke yi in an hango Zango daga kan tudun Tafo da kaya a ka. Aka cika wa Munkaila buhu, aka ɗora na Juma'ar da ta wuce, aka zaɓo masa doya mai kauri. Zai ɗauka suka hana. Mutum huɗu suka yi rigima a kan wanda zai kai masa gida, ƙartin da suka yi makonni ba su aza komai a ka ba. Habsa ta riga ta tafi hura wuta.

Baba Awalu bai sallami zama ba tukuna. Ya ce kwando ba ya ajiye guntun likkafani, don mutuwa ba ta rage tsawon kowa. Kamu biyu sun tafi aikin kwando, dole a cike su. Kuma hannun da ya sauke gammo bai ga gawa ba, shi zai cike.

Iddi ya ce zai aika kasuwa gobe. Tsohon ya ce ranar da aka sauke gammon ba a jira gobe ba.

Farin alawayyo ɗaya ne a zauren in ban da likkafanin, yana kan Iddi. Iddi ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda zai roƙa masa ba. Ya kwance rawaninsa a gaban jama'a, ya auna da hannun da ya auna wancan, Seini ya ba shi aron wuƙa.

A shekarar nan aiki ya ƙi kowa, sarki ma bai sami sukunin sayen sabo ba. Duk Juma'a yana tsaye a bakin ɗakin baya yana auna wa Munkaila mudu, da rawanin da ya kasa zagayowa ya rufe masa haɓa.