Ranar da Manaja Trent Ya Faɗa Rami

Aikinmu share dusar ƙanƙara ne daga hanyoyin ƙauyukan da ke arewacin garin Duluth a Amurka. Kamfani ke karɓar kwangila, mu direbobi mu tura manyan motocin. Na daɗe ina wannan aiki a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Gordy, mutumin da bai iya dogon jawabi ba. In ka dawo yatsunka sun sandare, sai ya miƙo maka kofi mai zafi ya ce, "Duane, ya ƙafar tsohuwarka?" Saboda shi mun sha fitowa ranar hutu ba wanda ya kira mu. Mukan share ƙofar coci da ta gidajen tsofaffi ko da ba sa kan hanyarmu.

Da Gordy ya yi ritaya aka turo mana Trent Maddox daga Minneapolis, saurayi mai takalmi sai ƙyalli. Abu na farko da ya yi shi ne liƙa wa kowace mota na'urar da ke nuna masa inda kake da inda ka tsaya. Kullum da safe sai ya tara mu a gareji ya kira sunan wanda ya fi kowa jinkiri jiya, ya ce, "A tafa wa kunkurunmu na yau." Ba mai tafawa sai shi kaɗai.

Muna haɗiyewa har abin ya faɗo kan Lorraine Pelto. Lorraine ta girme mu duka, ita ta koya wa rabinmu tuƙi a kan santsi. Wata safiya ta tarar da motar wani tsoho ta zame cikin rami, matarsa na ciki, zai kai ta wankin ƙoda. Ta tsaya, ta ɗaura sarƙa ta ja su waje, sannan ta shige gabansu tana buɗe musu hanya har bakin babban titi.

Washegari Trent ya tsayar da ita a gabanmu.

"Lorraine, motar asibiti na ba ki ko motar share hanya?"

"Yaro, matar nan da na bar ta a wurin mutuwa za ta yi."

"Ni ba yaronki ba ne. Kawo makulli."

Ta dube shi, ta dube mu, ta ajiye makullin a kan benci ta ɗauki jakar abincinta ta fita. Muka bar ta ta tafi, kowa na tunanin bakin da yake ciyarwa. Trent ya juyo gare mu.

"Ku buɗe kunne. Daga yau duk wanda ya tsaya wa wani a hanya, ko da uwarsa ce, ya bar aikin nan. Ka ga mota a rami, ka sanar da ofis ta oba-oba ka wuce. Kun ji?"

Curtis, wani dogo da ba ya rasa abin faɗa, ya ce, "Ko da uwarmu ce, ranka ya daɗe?"

"Ko da ita ce."

"To, mun ji."

Daga ranar zuciya ta fita daga aikin. Ba mai zuwa da wuri ya duba mai, ba mai gyara abin da ba a ce ya gyara ba. In ƙarfen gaban mota ya fara ƙara, sai mu bar shi har ya karye. Ni kuwa duk safiya in na ga takalmin nan nasa, sai in tuna Lorraine. Ban san me nake jira ba, amma jira nake.

A watan Fabrairu aka yi wata ƙanƙara mai iska, wadda ba ka ganin gaban motarka sosai. Da hantsi Trent ya ga a na'urarsa motar Curtis ta daɗe a wuri ɗaya, sai ya ɗauki tasa ƙaramar motar ya fita don ya kama shi da idonsa. Ashe Curtis ƙanƙarar da ta daskare a gilashi yake kankarewa. Trent bai kai gare shi ba. A kwanar gonar wani manomi Erickson, inda waya ba ta samun layi, motarsa ta juya ta faɗa rami da baya.

Ni na fara isowa. Na hango shi a gefen hanya, ba hula, yana ɗaga hannu biyu kamar mai korar tsuntsaye a gona. Na rage gudu, na sauke gilashi, amma ban bar taya ta tsaya ba.

"Duane! Alhamdu lillahi! Kawo sarƙa!"

"Sannu, yallaɓai. Ka ji ciwo?"

"A'a, sanyi ne zai kashe ni. Tsaya mana!"

"Ina da iyali, yallaɓai. In na tsaya aikina ya tafi."

"Ni ne na kafa dokar, na ce ka tsaya!"

Yana bin motar da gudu, santsi na kwasarsa. Na ɗauki oba-oba na kira Nadine, matar da ke zama a ofis, da ƙarfi yadda zai ji.

"Nadine, akwai mota a rami a kwanar Erickson. Mai ita lafiyarsa lau, har gudu yake yi. Na sanar, na wuce."

"Motar wa?"

"Ta manaja."

Ta ce, "Allah sarki. Zan kira masu janwe, amma yau layinsu dogo ne."

Na nuna masa da hannu inda gidan gonar yake, na ɗaga gilashi. A madubi na ga ƙanƙarar da motata ta watsa ta rufe shi har gwiwa. Wallahi rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar, tun kafin a kori Lorraine.

Duk direbobi sun ji a oba-oba. Curtis ya biyo ta wurin, ya danna masa ham ya sara masa kamar soja, ya wuce. Wani ma da kwanar ba ta kan hanyarsa sai da ya zagayo don ya gani da idonsa. Daga baya Trent ya haƙura ya taka da ƙafa zuwa gidan Erickson, ya isa leɓe ya yi shuɗi, takalmi ɗaya ya ɓace a cikin ƙanƙara.

Kwana biyu yana gida da ƙafa a naɗe. Da ya dawo ya nemi a kore mu, sai mai kamfanin da kanta, Misis Dahlberg, ta zo gareji. Ta saurare shi, ta saurare mu, sannan ta tambaye shi wace doka muka karya. Aka duba babu ko ɗaya, dokarsa muka bi. Kafin ƙanƙara ta narke an mayar da shi birni, wai zai kula da kayan gyara.

Misis Dahlberg ta kira Lorraine ta dawo, ta ƙi. Ta samu aikin tuƙa motar 'yan makaranta, ta ce yara sun fi manya mutunci. Na same ta wata Asabar a shagon shan kofi na ba ta labarin tun daga farko. Ba ta yi dariya ba sai da na zo kan takalmin.

"Ya roƙe ka?"

"Har da rantsuwa."

Ta tura min farantin kek ɗinta. "Ci. Ka sake ba ni daga inda ya fara gudu, kuma kada ka yi sauri."