Shafukan da Nei Tabwena Ta Yanke

Jirgin ruwa bai gama sauke kaya ba saƙo ya riske mu, wai dattawa suna neman Nei Tabwena a maneaba, babbar rumfar taron ƙauyenmu.

Tabwena yayata ce, tana koyarwa a Tarawa, babban birnin ƙasarmu. Ta zo da kwali cike da kofe-kofen littafin da ta rubuta, labaran tsibirinmu cikin harshenmu, abin da ba a taɓa yi mana ba. Sai dai a ciki har da labarin kakan wani dattijonmu, Ten Kaitu, kakan da ya ɓata a teku ya bi taurari ya dawo. A wurinmu labari yana da masu shi, kamar gonar kwakwa. Wanda ya taɓa na wani gida, ana iya korar danginsa daga ƙauye.

"Yaya, ki koma jirgi tun bai tashi ba," na ce mata.

"In bar ka da su? Kai da ko ƙaguwa ta kalle ka sai gwiwarka ta yi rawa?"

Muka shiga a sunkuye, kowane gida na zaune a gurbinsa. Aka ajiye kwalin a tsakiya. Kusa da shi babban ɗan Ten Kaitu ya tsuguna yana juya kwalin ashana.

Ten Kaitu ya miƙe da ƙyar, ya kira ta da sunan mahaifinmu. "'Yar Tiaon, wa ya ba ki kakana?"

Al'ada ta ce ni zan amsa a madadinta. Kafin in yi ƙarfin halin miƙewa, sai na ji muryarta daga bayana.

"Marigayiya matarka, Baba. Muna saƙar tabarma ta ba ni. Ta ce jikokinta sun ƙetare teku, ba mai saurare."

Wurin ya kaure da surutu.

"Ƙarya take yi wa uwarmu!" in ji ɗan, ya ƙyasta ashana.

"Kashe wutar nan!" tsohon ya daka masa tsawa. "Za ta iya faɗin haka. Amma ba nata ba ne da za ta bayar. Aure ya kawo ta gidanmu."

Dattawa suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Can shugabansu ya ɗago ya ce ba kora, ba ƙonawa, amma labarin ba zai fita daga rumfar nan ba.

Tabwena ta miƙo mini hannu. "Ba ni wuƙarka."

Na ba ta wadda nake gyaran kifi da ita. Ta durƙusa gaban kwalin, tana ɗaukar littafi ɗaya bayan ɗaya, ta yanke shafukan labarin, ta ajiye a gaban tsohon. Ba wanda ya taya ta, ba wanda ya tashi. Hawaye na zuba, amma hannunta bai karkace ba har ta gama.

Haka littafin ya shiga makarantu da giɓi a tsakiya. Duk ɗalibin da ya tambaye ta abin da aka cire, sai ta ce, "Je ka wurin Baba Kaitu, nasa ne."

Wasu sun je. Yakan sa su hau kwakwa su tsinko masa tukuna, sannan ya ba su labarin. Tabwena kuwa bai ƙara amsa gaisuwarta ba har ya rasu.