Ranar da Koci Idris Ya Karɓe Hular Sharfuddeen

Sharfuddeen bai taɓa ganin ƙwallon Amurka ba sai da ya zo Dubai. A Gusau, inda ya tashi, kokawa ya ɗan taɓa yana saurayi kafin karatu ya ɗauke masa hankali. Da ya samu aikin gyaran manyan na'urorin sanyaya ɗaki a wani kamfani da ke Ras Al Khor a shekarar 2016, niyyarsa ba ta wuce aiki da masallaci da gida ba. Wanda ya ja shi fili shi ne Sualah, wani ɗan Ghana daga zangon Kumasi da ke gadi a kamfanin. Wata rana ya ga Sharfuddeen ya rungumi injin da mutum biyu suke ɗauka ya aza a bayan mota, sai ya ce masa asara ce a bar wannan ƙirji a cikin sito.

Ƙungiyar ta ma'aikata ce, ba wanda ake biya ko sisi. Akwai 'yan Masar da 'yan Filifin da 'yan Afirka ta Kudu, da Amurkawa biyu masu koyarwa a makaranta. Wani attajiri mai kamfanin tayoyi, Hadi, shi ke sayen riguna da hulunan kwano, shi ya sa ake kiran su 'Yan Taya. Wasan kuwa bai yi wa Sharfuddeen wuyar ganewa ba: ɓangare ɗaya na ƙoƙarin kai ƙwallo ƙarshen fili a hannu, ɗaya ɓangaren na ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita. Aka saka shi cikin masu kayarwa, 'yan baya, ya kuwa dace da wurin.

Kocinsu na farko mutum ne mai faɗa. In an ci su, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya riƙa kiran sunayen waɗanda suka jawo, ɗaya bayan ɗaya, a gaban matansu da 'ya'yansu. Mutane suka fara janye jiki. Da kakar wasa ta ƙare ba abin kirki, Hadi ya sallame shi, ya zo musu da Koci Idris.

Koci Idris baƙar fata ne ɗan Amurka, Musulmi, ya haura hamsin, yana tafiya da ɗan ɗingishi. Ya yi shekaru yana mataimakin koci a babbar gasar ƙwararru ta ƙasarsu, mai kula da 'yan baya. A can, kamar yadda ya ba su labari, idan aka kori babban koci to duk na ƙarƙashinsa sai su kwashe kayansu, ko sun yi laifi ko ba su yi ba. Hakan ta sha faruwa da shi. A ta ƙarshe ne matarsa ta samu aikin koyarwa a Dubai, ya ce ta daɗe tana bin sa gari-gari, bari shi ma ya bi ta.

Abin da ya fara canzawa shi ne safiyar Asabar. Juma'a bayan La'asar ake wasa, washegari kuma sai a taru a ofishin siton tayoyi, cikin warin roba, a kalli hoton bidiyon wasan. Kafin kowa ya buɗe baki, Koci Idris zai tsayar da hoton ya nuna inda shi ya ba da umarnin da bai dace ba. Daga nan kowa ya faɗi nasa kuskuren. Doka ɗaya ce: ba ka ambaton kuskuren wani. Da farko abin ya yi wa Sharfuddeen nauyi, don bai saba ganin babba ya tsaya gaban na ƙasa da shi yana cewa ya yi kuskure ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ga waɗanda suka gudu suna dawowa, har Sualah da ke tasowa daga Muhaisnah a bas biyu bai ƙara fashin atisaye ba.

A kaka ta biyu kocin ya naɗa Sharfuddeen kyaftin ɗin 'yan baya. Shi ke kallon hannun koci daga gefen fili, ya karɓi alama, ya juya ya gaya wa sauran inda kowa zai tsaya. Matarsa Ummulkhair, wadda ta biyo shi suka kama hayar ɗan falat, wato sashen gidan bene, a Abu Hail, ba ta taɓa son wasan ba. Takan ce ba ta ga dalilin da magidanci zai yi aikin mako guda sannan ya je a yi ta karo da shi ranar hutu ba. Amma tana ganin yadda yake dawowa da fara'a, sai ta bar shi.

A farkon 2019 'Yan Taya suka kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da ba su taɓa yi ba. Hadi ya gayyato abokan kasuwancinsa, ya sa aka kafa musu rumfa. An dawo daga hutun rabin lokaci 'Yan Taya na gaba da ɗan kaɗan, sai Sharfuddeen ya tari wani ƙaton ɗan wasa da ya taho a guje. Gwiwar mutumin ta same shi a gefen kai. Ya ga wani farin haske, kunnuwansa suka ɗauki ƙara, ya kuma ji ciyawa a bakinsa ba tare da ya san lokacin da ya faɗi ba.

Aka fito da shi gefe. Nas ɗin ƙungiyar, wata 'yar Filifin mai 'ya'ya uku da ke zuwa taimaka musu ranar hutunta, ta haska idonsa, ta tambaye shi ko yana jin jiri ko tashin zuciya. Yana jin duka biyun. Ya ce mata lafiya lau yake, iska ce kawai ta ɗauke masa. Ta ɗaga wa koci hannu, Koci Idris ya ɗan dube shi, ya gyaɗa kai, Sharfuddeen ya koma fili.

Karon farko ya wuce ba matsala. A na biyu ya kalli hannun koci, ya juya ga mutanensa, ya yi ta ba da umarni da ƙarfi, yana mamakin yadda suka tsaya suna kallonsa. Ashe da Hausa yake magana, bai sani ba. Sualah kaɗai, da yake yana jin Hausa, ya matsa hagu kamar yadda aka ce, sannan ya waiwaya ya ɗaga wa koci hannu biyu.

Koci Idris ya nemi a tsayar da wasa. Ya kira Sharfuddeen, ya tambaye shi a hankali da wa suke wasa yau. Sharfuddeen ya faɗi sunan ƙungiyar da suka ci makon jiya. Kocin ya miƙa hannu ya kwance masa maɗaurin hula, ya zare ta, ya saƙale a hammatarsa.

"Khalas, habibi. Ka gama na yau."

Sharfuddeen ya roƙe shi, ya rantse, daga baya ya yi masa tsawar da bai taɓa yi wa wanda ya girme shi ba. Hadi ya sauko daga rumfa yana tambayar me ake ciki, me ya sa za a fitar da wanda ya riƙe musu wasa. Kocin bai ɗaga murya ga kowa ba, bai kuma ajiye hular ba har aka tashi. Ba Sharfuddeen a tsakiya, sai tsaron baya ya buɗe, aka ci su ana dab da tashi.

Kafin a gama gaisawa da abokan karawa, Koci Idris ya sa shi a motarsa sai asibiti. A hanya sau biyu aka tsaya Sharfuddeen ya yi amai. Da aka ɗauki hoton kansa, likitar ta ce akwai ɗan jini da ya taru a ƙarƙashin ƙashi. Ta ce kaɗan ne, jinin zai iya ɓacewa da kansa in an kwanta an huta, amma da ya ƙara samun bugu ɗaya a wurin, da wata maganar ake yi yanzu. Ummulkhair, wadda ta iso a tasi da mayafinta a karkace, ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafarsa.

Yana kwance a gida, labule a sake saboda haske na sa masa ciwon kai, Sualah ya zo duba shi ya kawo labari. Masu shirya gasar sun ga hoton wasan, sun aiko suna tambayar yadda aka yi mutumin da ya sha irin wannan bugu ya koma fili. Hadi, wanda dama ransa a ɓace yake, ya ce abin a fili yake: nas ce ta duba ta ce lafiya, sai a rubuta haka a sallame ta. Nas ɗin kuwa tana tsoron kada maganar ta kai asibitin da take aiki. Koci Idris ya ƙi. Ya ce ya ga karon da idonsa, ya fi kowa a filin sanin irin wannan bugu, kuma shi ya gyaɗa kai aka mayar da mutum, don yana son cin wasan kamar kowa. Ya ce in za a rubuta suna, nasa za a rubuta. Aka dakatar da shi, Hadi kuma ya ce ba ya buƙatarsa a kaka mai zuwa.

Sharfuddeen ya tashi zaune. Ummulkhair, da ke tsaye a ƙofar kicin tana ji, ta tambaye shi abin da ya gaya wa nas ɗin a lokacin. Ya gaya mata. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce to ai ya san inda suke taruwa ranar Asabar.

Da likita ta yarda ya fita, Sualah ya raka shi siton tayoyi. An taru don sallama da koci, Hadi ma yana nan, nas ɗin na zaune can baya. Sharfuddeen ya miƙe yana dafe da tebur.

"An tambaye ni ko ina jin jiri, na ce a'a. Ƙarya na yi. 'Yar'uwa, ki yafe mini, aikinki kika yi, ni na ruɗe ki. Koci, na yi maka rashin kunya a gaban mutane kana ceton raina. Ka yafe mini."

Nas ɗin ta sunkuyar da kai tana share ido. Sharfuddeen ya juya ga Hadi ya roƙe shi ya mayar da kocin, tunda yanzu an san inda laifin yake. Koci Idris ne ya tare shi. Ya ce ya ji daɗin abin da ya faɗa, ya kuma yafe, amma wannan bai goge nasa ba.

"Ɗan wasa kullum zai ce lafiyarsa lau. Shi ya sa ake ajiye koci a gefe. Kai ka ɗauki naka, ka bar mini nawa."

Hadi bai janye maganarsa ba, amma ya je har inda nas ɗin take ya ba ta haƙuri, kuma daga wannan shekarar ya riƙa ɗauko likita duk ranar wasa.

Sharfuddeen bai ƙara sa hular kwano ba. Likita ta hana, Ummulkhair ta ƙara da nata. Ya ɗauka ya rabu da wasan ke nan, sai ga Koci Idris a ƙofar falat ɗinsu wata Asabar da kwamfuta a hannu. Ya ce aikin matarsa ba zai ƙare ba sai bazara, shi kuma zaman banza na damunsa. Watannin nan ya yi su yana koya wa Sharfuddeen yadda ake karanta wasa daga gefe: inda ake kallo kafin a taɓa ƙwallo, yadda ake gane wanda ya gaji, yadda ake gaya wa mutum ya yi kuskure ba tare da an karya masa zuciya ba. Ummulkhair takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, kocin ya ci da cokali yana gumi saboda yaji, yana neman ƙari. Ranar da za su koma Amurka ta haɗa wa matarsa turaren wuta da yadin atamfa, ta ce wa kocin ba ta da abin da za ta biya shi, sai dai Allah ya saka masa da alheri, ya tsare masa nasa iyalin.

Sabon kocin da Hadi ya kawo, wani ɗan Kanada, ya tarar da Sharfuddeen ya san 'yan bayan fiye da kowa, sai ya riƙe shi mataimaki. Annobar korona ta zo ta rufe filaye, ɗan Kanadan ya koma gida bai dawo ba. Da aka buɗe a 2021, rabin tsofaffin 'yan wasan sun rasa aiki sun bar ƙasar, Hadi ya kira Sharfuddeen ya ce ya riƙe ƙungiyar. Ya karɓa, ya naɗa Sualah kyaftin. Kakar farko an ci su fiye da yadda suka ci, bai ɓoye wa kowa ba cewa har yanzu koyo yake.

Koci Idris bai koma gasar ƙwararru ba. Wata makarantar sakandare ce a garinsu ta ɗauke shi, ya ce ya fi samun barci a can. Sukan yi waya da Sharfuddeen jifa-jifa, rabin hirar wasa, rabin iyali. A wannan shekarar Ummulkhair ta haifi 'yarsu ta fari, Halimatus Sa'adiya. Ranar suna, bayan an watse, Sharfuddeen ya kira shi ya juya wayar ya nuna masa jaririyar tana barci a kafaɗarsa. Kocin ya yi mata addu'a da ɗan Larabcinsa, ya tambayi lafiyar mai jego, sannan ya ce a gaya wa Sualah ya daina tsayawa a miƙe, ya riƙa ranƙwafawa in za a fara wasa, ya gani a hoton da aka turo masa.